Sarewar Baba a Waƙar Suwaibatu

Tun daga bakin danga Nasara ta gane akwai magana a gidan. Inna Asibi na zaune bisa turmin da aka kife, ta zabga tagumi, kaji na ta cin dawar da ta shanya ba ta ko ɗaga hannu ta kore su ba.

Nasara ta sauke jakar kwamfutarta daga kafaɗa. Kowace Asabar haka take barin shagon buga takardu da take aiki a Kankara ta taho ƙauyensu na gefen Ketare, kuma kullum tun daga nesa uwar ke tarbarta da tsokana da dariya. Yau ko kallonta ba ta yi ba.

"Inna, sannu da gida."

Sai a lokacin ta lura da Yusha'u tsaye jikin rumbu, kansa a ƙasa, yana juya waya a hannu. Mai gyaran waya da kwamfuta ne a Kankara, majami'arsu ɗaya, kuma ya daɗe yana zaryar gidan nan neman aurenta, tana ce masa ya yi haƙuri.

"Kunna mata," in ji Inna.

"Inna, da dai an bari ta sha ruwa..."

"Na ce kunna mata!"

Ya danna. Kiɗan fiyano ya tashi, ganga da kalangun inji suna tafiya tare, irin salon da Nasara za ta gane ko daga barci aka tashe ta. Hannun Mani ne, saurayinta. Can kiɗan ya ɗan lafa, aka ji wani siririn jan numfashi, kamar mutum na shirin magana. Sannan sarewa ta shigo.

Nasara ta dafa bango.

Muryar Mani ta hau kan sarewar tana zuba kirari. Suwaibatu ta Sabuwa, fitilar gidan Alhaji, amaryar Mani na Faskari.

"Amaryar wa?" in ji Nasara.

Yusha'u ya kashe wayar. "Asabar mai zuwa ne ɗaurin auren," ya faɗa a hankali. "Waƙar ta cika gari tun shekaranjiya."

Inna ta ɗago. Idanunta sun kaɗa sun yi jajir.

"Ni ba aurenshi ya dame ni ba. Da safe na tahi niƙa, ina cikin layi wata mata ta kunna wanga abu a wayarta. Nasara, ban san sadda ƙwaryar kaina ta faɗi ba. Juyawa na riƙa yi ina neman ubanki cikin mutane. Ni da anka rufe shi gaban idona! Mata na riƙe ni suna cewa Asibi ta zautu."

"Inna..."

"Wanga numfashi tun ina amarya nike jin shi. Haka yake ja in zai hau sama. Gaya mani, ta yaya mamaci ya busa waƙar da bai taɓa sani ba?"

Nasara ta zube bisa gwiwoyinta, hawaye na bin kumatunta. "Ni ce, Inna. Ni na haɗa."

"Ke kika haɗa." Inna ta jinjina kai. "Sarewar na nan rataye ɗakin Babanki Ɗanlahadi, yayan ubanki, naɗe cikin fata. Tun ranar jana'iza ya ce ba mai sake busa ta, muka ce mun ji. Ke kuma kin bi ta bayanmu kin ɗauki muryarta kin kai ma wanda uwarshi ta ce ko inuwarki ba ta son gani a ƙofar gidanta."

"Ban ba shi ba! Na rantse ban ba shi ba!"

"To tashi ta yi ta tahi Faskari da ƙafarta?"

Nasara ta kifa kai bisa cinyar uwar, amma Inna ta janye ƙafarta ta miƙe ta shige ɗaki.

* * *

Ba da nufin ɓata wa kowa ta fara abin ba. Kewar uba ce kawai.

Mahaifinta, marigayi Idi mai sarewa, ya bar wasu 'yan kasa-kasai da aka ɗauke shi a bukukuwan kaka. Nasara ta juye su cikin kwamfutarta, kuma duk sadda shago ya yi shiru sai ta toshe kunne tana saurara. Daga baya ta fara yanka busar sauti ɗaya-ɗaya. Ta cire carar zakara, ta cire sautin daka da guɗar mata, ta jera abin da ya rage cikin wata manhajar kiɗa, kowane sauti da gurbinsa. Wurin sauti mafi tsayi ne kawai ta kasa cire jan numfashin Baba. Ta bar shi.

Sai dai ba ta da abin dannawa. Ana haka Mani ya shigo shagon buga hotunan tallar waƙarsa, ya leƙa allon, ya tambaya. Washegari ya dawo da fiyanonsa a bayan babur, irin mai raka kansa ɗin nan: ka dafa da hannun hagu ya sako maka ganga da jita suna bin ka, hannun dama kuma ka ja waƙa.

Nasara ta ja waya daga bayan fiyanon zuwa kwamfuta.

"Wannan wayar ba sauti take ɗauka ba," ta ce masa. "Saƙo take kaiwa. Wane maɓalli ka danna, da wane ƙarfi, yaushe ka sake shi. Kai dai danna."

Ya danna ɗaya, murya biyu suka amsa. Sautin gogen da ke cikin fiyano a ƙasa, sarewar Baba a sama.

Da farko sarewar makara take yi, sai yatsa ya wuce sannan ta fito. Nasara ta yi ta fama har ta samo wani ɗan akwatin sauti da ya ɗinke tazarar. Sai kuma aka ga muryoyin biyu ba sa zama daidai, sarewar ta ɗan fi fiyano kauri. Mani ya ce a ja ta sama ta bi fiyano. Nasara ta ce ba za a ja Baba ya bi inji ba, injin ya sauko. Ya yi dariya, ya shiga cikin saitin fiyanon ya sauke shi har suka haɗu.

Ranar ce ya ce yana son ta. Ranar ce kuma ya yi mata alkawari da bakinsa: sarewar ba za ta bar kwamfutarta ba, kuma ba kunnen da zai ji ta sai ranar aurensu, bayan Inna ta fara ji.

Auren ne ya ƙi. Alhaji, mahaifin Mani, ya ce ɗansa ba zai kawo masa jikar Maguzawa mai zuwa majami'a ba. Baba Ɗanlahadi, yayan mahaifinta, wanda har yau yake riƙe da al'adar kakanni, shi ma ya ce ba ya kai ɗiyar ƙanensa inda za a riƙa wanke tabarma in ta tashi. Su biyun dai suka daure. In Mani ya samu biki ita ke zama gefensa da kwamfuta, tana ƙara masa algaita da molo na manhaja bisa kiɗan fiyanon. Sarewar kuwa sai in su biyu ne kawai take buɗe ta.

* * *

Ranar Lahadi ba ta je majami'a ba. Da sassafe ta hau babur zuwa Kankara, daga nan ta shiga motar Faskari ta hanyar Sheme.

Tun kafin ta kai ƙofar sutudiyon Mani take jin sarewar. Maimaita wuri ɗaya ake yi, a tsaya, a sake.

Ta tura ƙofa. Mani na zaune gaban fiyanonsa, gefensa sabuwar kwamfuta baƙa bisa kujerar da ta saba zama. Wayar da ta haɗa su kuwa tata ce, mai jan tef a wuya.

Yana ganinta hannunsa ya daskare. Gangar injin ta ci gaba da bugawa ita kaɗai har sai da ya lalubi maɓalli ya kashe.

"Nasara."

"Ci gaba mana. Ai atisayen biki kake."

"Zauna, don Allah. Zan yi miki bayani."

"Ina zan zauna? Ka ba wata kujerata."

Ya sauke kai. Ya rame, ta lura, kuma ta ji haushin kanta da ta lura.

"Alhaji ya tara 'yan'uwansa," ya fara. "Gaban kowa ya ce in ban auri ɗiyar amininsa ba in fita mashi daga gida, kuma ko gawarsa kada in zo kanta. Hajiya na kwance da hawan jini. Ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa in ba so nake in kashe ta ba in amsa. Me zan yi, Nasara? Uwata ce."

"Ni ma ina da uwa."

"Na sani. Na so in zo in gaya miki. Sau nawa ina tayar da babur in kai Sheme in juyo."

"Sai ka gaya mini da waƙa."

Ta matso, hawaye na zuba, ba ta share ba. "Ka ji ni da kyau, Mani. Auren nan ban hana ka ba. Tun ranar da muka fara na san iyayenka sun fi ni ƙarfi. Da ka zo ka tsaya gabana ka ce Nasara an fi ƙarfina, da na yi kukana na share idona, har addu'a in yi maka. Amma ubana? Ubana ka tayar ya yi wa amaryarka busa?"

"Ba haka na ɗauke shi ba..."

"Jiya Innata ta zubar da hatsinta a wurin niƙa tana neman mijinta cikin mutane. Ana riƙe ta kamar mahaukaciya. Matar da ka ce ita za ta fara ji. To ta ji. A wayar wata ta ji, ana kiran sunan wata."

Mani ya rufe fuska da tafin hannu. "Innalillahi. Wallahi ban yi tunanin za ta kai can ba."

"Waƙa ce fa. Ina ne ba ta zuwa?"

"Dangin amarya suka ce tunda ango mawaƙi ne, suna son abin da ba a taɓa ji ba. Na gwada sarewar fiyano, ba rai a cikinta. Na gwada duk na cikin manhaja, kamar ana hura kwalba. Kin san yadda take, Nasara. Wanda ya taɓa danna ta ba zai iya komawa waɗancan ba."

"Sun tambaye ka ta wane ne?"

Ya shafa ƙeya.

"Sun tambaye ka?"

"Na ce ni na haɗa."

Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Kai ka haɗa. Kai ka zauna kana cire carar zakara daga numfashin ubana. Kuma da sun san busar Bamaguje ce, da tuni sun toshe kunne, ko? Ɗiyarsa ce ba ta isa shiga gidanku ba. Shi kam ga shi har cikin ɗakin amarya."

"Ki daina, don Allah. Na so ki. Har yanzu ina son ki."

"Kada ka ƙara faɗa."

Ta juya ga baƙar kwamfutar. Ga sunan da ta sa wa jakar sautin da hannunta, *Baba*, yana nan bisa allo, ko canza shi bai yi ba. Nan wani tunani ya faɗo mata, wanda baƙin ciki ya hana ta yi tun jiya.

"Tsaya. Ban taɓa barin kwamfutata a hannunka ba. Ko fitsari zan je da ita nake tafiya, kana yi mini dariya. Ta ina ka samu?"

"Bar wannan maganar."

"Ta ina ka samu, Mani?"

Ya dubi maɓallan fiyanon. "Watan jiya, da wurin cajinta ya lalace. Wa kika kai wa gyara?"

Nasara ta kama gefen tebur.

"Yusha'u," ta ce.

"Shi ya zo har nan. Ban neme shi ba, Allah ne shaidata. Ya aje filashi bisa fiyanon nan ya ce, ga abin da ke riƙe da kai wurinta, ɗauki ka bar mana ɗiyarmu."

"Ka ce masa me? Ka jefa masa abinsa? Ka ce masa ba sarewa ke riƙe da kai ba, ni ce? Ka kira ni ka gaya mini?"

"Na... na aje shi cikin aljihu. Na ce zan ba ki. Sai maganar Alhaji ta taso."

"Ka ɗauka dai."

"Na ɗauka."

Ta gyaɗa kai a hankali. Kukan ma ya tsaya mata.

"Goge shi. Yanzu, ina kallo."

Mani ya ɗago da sauri. "Nasara, ko na goge waƙar ta riga ta fita. Kuma ranar Asabar da kaina zan kaɗa ta gaban mutane a Sabuwa, an riga an sanar. In sarewar ba ta fito ba me zan ce masu? Ki bar ni in gama bikin nan. Na yi miki alkawari, ana watsewa zan goge."

"Ka yi mini alkawari."

Ya ji abin da ya faɗa. Ya kawar da kai.

Ta miƙa yatsa ta danna maɓallin can sama. Numfashin ya ja, sarewar ta tashi ta cika ɗakin, gogen fiyano na kwance ƙarƙashinta. Ta riƙe har sautin ya ƙare. Sannan ta zagaya bayan fiyanon ta zare wayarta, ta naɗe ta a hannu.

"Ta kasuwa ce, na san kafin azahar ka sayi wata. Amma ba da tawa ba."

"Nasara!"

Ba ta waiwaya ba.

* * *

Direbobi ba sa son yamma ta same su a hanyar nan, don haka kafin la'asar ta isa gida. A ƙofa ta ga takalma. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin ɗorawa, Baba Ɗanlahadi na zaune da sandarsa bisa cinya, ga dattawa biyu daga gidan su Yusha'u, ga Yusha'u kansa cikin farar shadda. Inna na gefe, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Nasara ta durƙusa ta gaishe su.

"Kin dawo daga inda kika tahi," in ji Baba Ɗanlahadi. "Ba ni tambayarki mi kika iske. Fuskarki ta faɗa. Mun ga inda son ranki ya kai mu, har ƙanena da ke kwance bai tsira ba. To ga mutanen kirki sun sake zowa. Yaron nan ya san abin da ya faru duka, ya ce shi bai fasa ba. Ba dole nike maki ba, ke ba yarinya ba ce. Bakinki muke son ji."

"Baba, in ka yarda, tambaya ɗaya zan yi masa."

"Yi."

Ta juya. "Yusha'u, da na kawo maka kwamfutata, wurin caji na ce ka gyara. Me ya kai ka cikin jakar da na rubuta wa *Baba*?"

Dattawan suka dubi juna.

"Mi take cewa?" in ji Baba Ɗanlahadi.

"Shi ya kwafi sarewar, Baba. Shi ya hau mota ya kai wa Mani har Faskari. Jiya kuma ya zo ya tsaya jikin rumbun can yana kunna wa Inna, yana cewa a bari in sha ruwa."

Inna ta saki gyalen. "Yusha'u? Ƙarya take maka, ko?"

Yusha'u ya zame daga tabarma ya durƙusa.

"Inna, ban san waƙa zai yi da ita ba. Na rantse. Ni dai na gaji. Shekara nawa ina zuwa gidan nan, ina noma gonarki, ina kallonta tana bin mutumin da danginsa ke ƙyamarta? Na san sautin nan yake so, ba ita ba. Na ce bari in ba shi, in ya samu zai sake ta." Ya juya ga Nasara. "Don ki gan shi yadda yake na yi. Kuma ai kin gani. Ban yi ƙarya ba."

"Na gan shi," ta ce. "Kai ma na gan ka."

"Nasara, son ki ne ya sa..."

"Shi ma haka ya ce ɗazu."

Baba Ɗanlahadi ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi dattawan ya ce, "Ku gafarce ni. Ku ɗauki goronku."

Suka tashi suka fita. Yusha'u ya bi bayansu, takalminsa a hannu.

Da tsakar gidan ta rage su uku, Nasara ta rarrafa wurin uwarta. "Inna, kin ji dai. Ba ni na ba shi ba."

Inna ta dube ta.

"Na ji. Wancan ya ci amanarki, wanga ya ci amanarki. Ni fa? Kina da muryar mijina cikin jaka, kina shigowa da ita gidan nan duk Asabar, kina kwana da ita ɗakina. Kin kunna ma baƙo, ba ki kunna mani ba."

"Tsoro na ji, Inna. Na ce za ku hana."

"Da mun hana. Amma da na ji." Ta miƙe tana gyara zane. "Ki ba ni lokaci. Yau ba ni iyawa."

* * *

Ranar Litinin ta koma Kankara da kumburarrun idanu. Ta buɗe shago, ta share, ta tayar da injin buga takardu. Kwamfutarta kuwa ta bar ta cikin jaka, ba ta ko son ganinta.

Hantsi ya ɗaga wata mota ta tsaya a bakin titi. Wata budurwa ta fito cikin dogon hijabi ruwan toka, ta tsaya tana karanta allon shagon kafin ta shigo. Hannuwanta sun sha lalle, sabo, ko gama kamawa bai yi ba.

"Salamu alaikum."

"Sannu da zuwa. Bugu ne ko hoto?"

"Ke ce Nasara?"

"Ni ce."

Budurwar ta ciro waya daga cikin hijabin ta riƙe da hannu biyu, amma ba ta kunna ba.

"Daga Sabuwa nake. Na ce wa gida na tafi wurin tela." Ta ɗan tsaya. "Kakata 'yar Pauwa ce. Jiya ana kunna waƙar a tsakar gida ta sa aka mayar baya, ta sake sawa aka mayar. Ta ce wannan busar ta san ta tun tana zuwa bikin kaka, ta Idi ce, na wajen Ketare, kuma ya rasu. Na kira wanda zan aura na tambaye shi. Ya ce tsufa ne ke damunta. Na sake tambaya, sai ya fashe da kuka ya kira sunanki, ya kashe waya. Abokansa na tambaya suka kwatanta mini shagon nan."

"Sunana Suwaibatu," in ji budurwar. Hawaye suka cika idonta. "Ban zo faɗa ba. Asabar za a ɗaura, kowa na yi mini murna, ni kuma ban san wa zan aura ba. Ki dubi girman Allah ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce."

Nasara ta dubi lallen, ta dubi fuskar. Ta kwana biyu tana tsanar sunan nan, ga mai sunan tsaye gabanta.

Ta je ta tura ƙofar shagon ta rufe. Ta jawo kujera.

"Zauna," ta ce. "Idi ubana ne."